Aji mai yara 70, babu wuta: wane kayan koyar da Faransanci da Jamusanci za a fara saya?

Malamar_Faransanci:
Salamu alaikum malamai, barkanmu da aiki. Shawara nake nema. Makarantar jeka-ka-dawo ce, yara kusan 70 a kowane aji, Faransanci sau biyu a mako daga JSS1 zuwa JSS3, minti 40 kowane darasi. Sai kuma kulob ɗin Jamusanci da ake son buɗewa ranar Laraba bayan tashi, yara kamar 25. Babu wuta a azuzuwa. An ware ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, an ce a kawo jerin kaya kafin Juma'a. Wasu na cewa a zuba shi duka a littattafan nan na Turai masu hotuna, amma ko kwafi 15 ba zai saya ba. Me za a fara saya, me kuma za a haɗa da hannu?

MaiAlli:
Wa alaikumus salam Malama. Sifika tukuna. Littafi yana jira, amma yaron da bai taɓa jin harshen daga bakin masu shi ba zai karanta "beaucoup" yadda yake karanta Turanci, kuma in ya zauna masa a baki cire shi aiki ne. Ki nemi mai caji, wat 10 zuwa 20, wadda take karɓar memori ko filashi. Kada ki dogara da Bluetooth kaɗai, don ana kiran wayarki darasi ya tsaya. Ki guji irin ta masu biki mai ƙugi, tana cinye baƙaƙe, yaran baya ba za su bambance s da z ba. Ki gwada ta da muryar mai magana kafin ki biya, ba da kiɗa ba. A aji kuma a rataye ta a bangon gefe wajen tsakiya, sama da kawunan yara. In aka aje ta a teburin malami, layi uku na gaba ne kawai suke amfana.

Tsohon_VP:
Kafin a yi maganar saye, a yi lissafi. Minti 80 a mako. In an cire makon dawowa, makon jarrabawa, wasanni da hutun Sallah, da ƙyar a samu mako 10 na koyarwa a zango. Mako 30 a shekara ke nan, wato awa 40. Matakin farko na ma'aunin harsunan Turai, A1, yana cin kusan awa 80 zuwa 100 a Faransanci. Ma'ana littafin da aka tsara a gama cikin shekara ɗaya a can, ku sai ya kai ku shekara biyu zuwa uku. To mene ne amfanin sayen littafi na 1, na 2 da na 3? Na 1 kaɗai ya ishi JSS gaba ɗaya. Sannan jarrabawar da yaran za su zauna a kan manhajar NERDC take, wato hukumar tsara manhajar makarantun Najeriya, ba a kan littafin Faris ba. Ki ɗora manhajar a gefe, ki ga babin da suka dace.

Malamar_Faransanci:
Ranka ya daɗe, wannan lissafin ya buɗe mini ido. Kulob ɗin kuma awa ɗaya ce a mako.

Tsohon_VP:
Awa 30 a shekara ke nan. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, da kanta tana cewa A1 na bukatar darasi 80 zuwa 200 na minti 45. Kada a yi wa iyaye alƙawarin satifiket a shekarar farko.

Mushe_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar lakol, wato makaranta, ba ta tafiya sai da ardwaz, wato ƙaramin allon hannu, kuma ina mamakin yadda ba ku riƙe shi ba. Da yara 70 babu kayan da ya kai shi. Akwai tsari da ake kira La Martinière. Malami ya yi tambaya, yara su yi tunani hannu a sama riƙe da alli. Ya buga tebur sau ɗaya, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allo. Cikin daƙiƙa goma ka ga amsar aji duka, ba sai ka kwashi kaye, wato littafin rubutu, har 70 zuwa gida ba. Yana aiki ga le ko la, ga ƙarshen aikatau, ga lambobi, ga shifta ta kalma ɗaya. Ba ya aiki ga doguwar jimla, allon ya yi ƙarami kuma ido ba zai iya bi ba.

Kafinta_ɗan_Malam:
Wannan mai sauƙi ne. Falan filawud guda, ƙafa 8 da 4, in an yanka shi santimita 30 da 20 yana ba da allo 48. Yara biyu allo ɗaya, kin ga 35 kike bukata, saura na ajiya. A goge gefuna da sanfefa saboda sartse, a shafa fentin allo sau biyu, a bar na farko ya bushe kwana guda. Kada a yi da fenti mai sheƙi, alli ba ya kama shi. Kada kuma a yi da gawayi ko baƙin batir, farar riga za ta gaya muku. A huda kusurwa a zura igiya, kowane layi a ɗaure nasa goma goma.

Herr_Malam:
Zan yi magana a kan Jamusanci tunda kowa ya karkata Faransa. Babban abin da ke kayar da yara shi ne der, die, das, da kuma jam'i. Maganinsa kati. Takardar A4 mai kauri a yanka ta takwas. A gaba hoto ko kalmar Hausa, a baya kalmar Jamusanci tare da jinsinta da jam'inta: der Stuhl, die Stühle. Kada a taɓa rubuta suna tsirara babu der/die/das, ko a kati ko a allo. Launi: shuɗi ga der, ja ga die, kore ga das, haka yawancin littattafan Jamus ke yi, don haka in yaro ya ci karo da su gaba ba zai ruɗe ba. Kalma 40 takarda 5 ce. Ga yara 25, rukuni 5, takarda 25 ta gama zango guda.
Yaranmu suna da gata biyu a nan da mai Turanci zalla ba shi da su. Sun saba da cewa kujera "ta" karye, tebur "ya" karye. Sun kuma saba da jam'in da ba ya bin hanya ɗaya, gida gidaje, littafi littattafai, jaki jakuna. Don haka ba sabon abu ba ne a ce musu kowane suna da nasa jam'in. Haɗarin kawai shi ne su ɗauki jinsin Hausa su kai can. Kujera mace ce a Hausa da Faransanci, namiji a Jamusanci. Rana da wata sun dace da Jamusanci, die Sonne da der Mond, amma Faransanci ya juya su, le soleil da la lune.

MaiAlli:
@Herr_Malam launi yana da kyau har sai ka kai shi wurin mai fotokwafi, komai ya dawo baƙi. Kuma koren maka shi ne ke fara bushewa. A haɗa da alama: murabba'i ga der, da'ira ga die, alwatika ga das. Ko da alli fari ake rubutu alamar tana nan.

Herr_Malam:
Na yarda, a yi duka biyun. Ƙari a kan haka, kwali ɗaya a bango na ƙarshen kalmomi: -ung, -heit, -keit, -schaft duk die ne, -chen da -lein duk das ne. Shi ya sa yarinya take das Mädchen, kuma za su tambaya, sai a nuna musu kwalin.

Hajiya_Zariya:
Irinsa na Faransanci: -tion da -té galibi la, -ment, -age da -eau galibi le. Amma a rubuta 'yan tawayen a ƙasa da jan maka: la page, la plage, l'image, la peau, l'eau. Kuma Malama, girman rubutu. Ajin da ke ɗaukar 70 tsawonsa ya kai mita 8 ko 9, harafin da bai kai santimita 5 ba na baya ba ya ganinsa. Kwali ɗaya kada ya wuce layi 8. An fi yawan yin kuskure a nan, a cusa jadawalin aikatau shida a kwali guda, ya zama ado kawai.

Ɗan_Jibiya:
Ni abin da ke ba ni mamaki, muna zaune a bakin iyaka muna neman Faransanci daga Turai. Kwalin madara, ledar taliya, gwangwanin tumatir, sabulu, duk wanda ya biyo ta Maraɗi ko Kwatano akwai Faransanci a jikinsa: ingrédients, poids net, à consommer avant le. Takardar sefa ma darasi ce, an rubuta adadin da kalmomi, mille, cinq mille, dix mille. Fasfo ɗin ECOWAS akwai Faransanci a ciki, ga nom, prénoms, date de naissance, abin da ake tambaya a fom ɗin A1 ke nan. A ce kowane yaro ya kawo kwali ɗaya wanda babu komai a ciki, a jera kanti a kusurwar aji, a liƙa farashi da sefa. Darasin lambobi, gaisuwa da ciniki ya samu a kyauta. Nan ne kuma za a kama masu cewa soixante-dix 60 ne da quatre-vingts 24, alhali 70 ne da 80.

Herr_Malam:
Na Jamusanci ma yana nan, sai dai a tasha. Motocin haya 'yan Kwatano da yawa ba a goge rubutun jikinsu ba: Bäckerei, Malermeister, Elektro, GmbH, da sunan titi da lambar gari mai lamba biyar. A ɗauki hoton biyar ko shida, darasin sana'o'i da adireshi ya haɗu. Wuyan rigunan gwanjo akwai Baumwolle da Größe. Teburin Bundesliga kuma yana koyar da garuruwa da lambobi, samari ba sa gyangyaɗi a kansa.

Abokin_Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. A ɓangarenmu mai Faransanci ana fara Jamusanci daga aji na 4e, wato shekara ta uku ta sakandare, a matsayin harshen waje na biyu, cikin jadawali yake da jarrabawa, ba kulob ba. Abin da zan ƙara wa @Herr_Malam shi ne katin jimla, don katin suna kaɗai ba ya sa yaro magana. A yanka kwali dogaye, kowace kalma ko gungu a kan nata: Ich / spiele / heute / Fußball. Yara huɗu su fito su riƙe. A aje kujera a matsayi na biyu, mai riƙe da aikatau ya zauna, ba ya tashi. Sauran su yi ta musanya: Heute spiele ich Fußball. Da ido suke ganin cewa aikatau ba ya barin gida na biyu. Masu rabuwa irin aufstehen a yanka katin da almakashi a gabansu, auf ya tafi ƙarshen layi: Ich stehe um sechs Uhr auf. In an zo weil, wato "saboda", mai kujera ya tashi ya koma can ƙarshe.
Sai agogon kwali mai hannu biyu da ƙusa a tsakiya. Dole ne, saboda halb drei ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba.

Ustaz_Nahawu:
Lambobin Jamusanci da ake kuka da su, einundzwanzig, ɗaya da ashirin, ai tsarin Larabci ne sak. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya san wahidun wa ishrun. Haka ch na Buch da Nacht kusa yake da خ, r na Faransa kuma kusa da غ. A yi ƙaramin kwali da haruffan Larabcin a gefen misalan.

Abokin_Garwa:
Allah gafarta Malam haka ne, sai dai a yi hattara. Ch iri biyu ne. Bayan a, o, u, au shi ne خ. Bayan i, e, ä, ö, ü da ei mai laushi ne, kamar a ich da Milch. In aka ba su خ kaɗai za su yi ta kakarin ich.

Uban_Ɗaliba:
Ni ba malami ba ne, uba ne. Littattafan Turan nan a duba su kafin a raba. Babin abinci akwai naman alade da giya, babin hutu akwai hoton bakin teku. Yaro ya kai gida, gobe iyaye sun cika ofishin firinsifal, kulob ya mutu tun bai yi rarrafe ba.

Hajiya_Zariya:
Gaskiya ne Alhaji, amma ba a cire kalmar gaba ɗaya. Yaron da zai je Jamus ko Faransa karatu shi ya fi kowa bukatar ya gane Schweinefleisch, Schinken, porc, jambon da lardons a jikin leda. A koyar da su tare da jimlar da za ta yi masa amfani: Ich esse kein Schweinefleisch, je ne mange pas de porc. Hoton da zai jawo magana kuwa, in kwafin malami ne kawai za a saya, ba sai an nuna shafin ba.

Uban_Ɗaliba:
In haka ne babu laifi.

Ɗan_Jibiya:
Game da abin da za a saka a sifikar @MaiAlli, RFI na da Journal en français facile, labarai cikin sauƙin Faransanci, minti 10, da rubutunsa. DW kuma na da labarai da ake karantawa a hankali. A sauke a kunna musu.

Mushe_Damagaram:
A'a ɗan'uwa, sunan ne kawai mai sauƙi. Wannan jaridar sai wanda ya kai wajen B1, mataki na uku a ma'aunin nan, ɗan JSS1 ba zai tsinci komai ba sai bonjour. Na DW ɗin ma na manya ne, B2 zuwa sama. Malami ya saurara don kansa, harshensa kada ya yi tsatsa. Ga yara a je shafin koyarwa na TV5MONDE, a zaɓi A1, akwai takardar malami da ta ɗalibi a shirye.

Herr_Malam:
Na Jamusanci akwai Nicos Weg, shirin bidiyo na DW, daga A1 yake farawa, kowane kashi gajere ne, kyauta. Yara 25 za su iya kallo a kwamfutar cinya in an raba su biyu. Shafin intanet na PASCH-net ma akwai kayan 'yan makaranta, shirin da ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta fara a 2008. Sannan Goethe na saka samfurin jarrabawar Fit in Deutsch 1 da sautinta kyauta, an yi ta ne don 'yan shekara 10 zuwa 16, rubutu awa ɗaya, magana kusan minti 15 a rukuni. Katunan hoto na sashen magana a buga su a ajiye, kayan aji ne da kansu.

Hajiya_Zariya:
Haka France Éducation international ke saka samfurin DELF, jarrabawar satifiket ɗin Faransanci, na 'yan makaranta. Sashe huɗu, kowanne maki 25, ana cin jarrabawa da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a sashe ɗaya ya faɗi ko da sauran sun yi kyau. Kun ga dalilin da ya sa sifika ba ado ba ce. Don sanin lokacin zama sai a tuntuɓi Alliance Française ta Kano ko ta Kaduna.

MaiAlli:
Yadda ake kunnawa ya fi abin da ake kunnawa. Guntu kada ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 60, a yanka da Audacity, manhajar kwamfuta ta gyaran sauti. A rubuta tambaya ɗaya a allo kafin a kunna, misali mutum nawa ke magana. Ji na farko babu rubutu. Na biyu su cike jadawali mai gida uku ko huɗu, suna, shekaru, gari. Na uku a riƙa tsayarwa ana maimaitawa. Rubutun hirar sai a ƙarshe, in aka ba su da wuri karatu za su yi, ba sauraro ba. In ya yi sauri a rage shi zuwa 0.85, ƙasa da haka murya na lalacewa. A sa wa fayil lamba a gaba, 01, 02, 03, don yawancin sifikun ba su da fuska, za ki yi ta lalube yara na ihu. Minti ɗaya kusan megabayit ɗaya ne, memori mafi ƙanƙanta ya ɗauki shekara uku.

Ustaz_Nahawu:
A sa ƙananan madubai uku ko huɗu a jerin. F ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa port da fort, ko Pass da Fass, suke fita iri ɗaya. A madubi yaro zai ga p leɓɓa a rufe, f haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. U na tu da ü na Tür kuma ya ce "i" ya tsuke baki kamar mai fito ba tare da ya motsa harshe ba. A gwada da allon @Mushe_Damagaram: malami ya faɗi rue ko roue, su rubuta 1 ko 2. Tsawon wasali kuwa, Stadt da Staat, offen da Ofen, kunnen Bahaushe ya riga ya san shi.

Tsohon_VP:
Duk na ji, amma ban yarda a bar littafi gaba ɗaya ba. Kati yana ɓacewa, gara tana cin kwali a hutun damina, malama za a iya yi mata canjin wurin aiki. Wanda ya gaje ta me zai tarar? Kuma mai son ɗaukar Faransanci a WAEC ko NECO sai ya iya karanta dogon rubutu da rubuta wasiƙa, ba a koyon wannan a allon hannu. A sayi na gida wanda ya bi manhaja, ko da 18 ne, benci ɗaya littafi ɗaya, a sa musu lamba, a karɓe bayan darasi.

Mai_Kwamfuta:
Masu buga takardar aiki, ku daina aiko da rubutu babu alamomi kuna cewa za a sa da biro. Ba a sawa. Schon da schön ba ɗaya ba ne, ou da où ma haka. A kwamfuta a riƙe Alt a buga a lambobin dama: 130 é, 138 è, 133 à, 135 ç, 132 ä, 148 ö, 129 ü, 225 ß. A waya a danne harafin kawai. Girman rubutu 14, don fotokwafin fotokwafi na shanye ɗigon ü ya dawo u. Kullum a kwafa daga asali. Kuma laminatin na da tsada, faffaɗan salatif gaba da baya yana riƙe kati shekara biyu.

Hajiya_Zariya:
Bayan katin nan, Hausa za a sa ko Turanci? Ni Hausa nake gani a JSS1. Yaron da Turancinsa bai zauna ba, ka ce masa la chaise ita ce chair, ka ba shi aiki biyu.

Tsohon_VP:
Hajiya, ba duk ajin ne Hausawa ba, kuma umarnin jarrabawa ba da Hausa yake zuwa ba.

Abokin_Garwa:
Hoto ya raba gardama a kan kujera da tebur. Rigimar tana kan kalmomi irin "jiya" da "saboda", waɗanda ba su zanuwa.

Malamar_Faransanci:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: sifika da memori, falan filawud ɗaya da fenti, takarda mai kauri rim ɗaya, kwali 20, maka launi huɗu, salatif, madubi huɗu, ƙamus ɗaya na kowane harshe, kwafin malami na A1 a kowanne, sauran kuɗin kuma littafin gida gwargwadon abin da ya saya. Tambaya ta ƙarshe: yaran kulob duk suna yin Faransanci. Kwalayen harsunan biyu a bango ɗaya, ko a raba?

Herr_Malam:
A raba. Bangon dama Jamusanci, na hagu Faransanci, kada su haɗu a kwali guda sai in da gangan ake kwatantawa.

Mushe_Damagaram:
Ni kuwa kwali ɗaya zan haɗa su a kai. Aikatan da ke ɗaukar être a passé composé, wato lokacin da ya wuce a Faransanci, irin su aller, venir, partir, arriver, rester, mourir, kusan su ne masu ɗaukar sein a Perfekt, takwaransa na Jamusanci: gehen, kommen, bleiben, sterben. Wanda ya gane ɗaya ya samu rabin ɗayan.

Herr_Malam:
Ba duka ba Mushe. Courir da nager avoir suke ɗauka, laufen kuwa sein. Kuma je me suis lavé a Jamusanci haben ne. In za a yi kwalin, a bar gida na uku na waɗanda suka saɓa.

Kafinta_ɗan_Malam:
Malama ki ƙara akwatin ƙarfe mai kwaɗo a jerin, wanda allo 48 za su shiga. Ki auna tukuna kafin ki saya.